Waƙar Sokol da Suka Ba Turai

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Yau ƙanena Lefter ya kawo mini yarinyar Tirana, babban birni, har gida. Brunilda sunanta. Ta sauko daga wata mota mai tuta shuɗiya da taurari, da farin takalminta fat, tun daga bakin ƙofa ta taka kashin awaki. Na yi kamar ban gani ba, na ɗora mata kofi.

Abin da suke so shi ne ƙungiyarmu ta waƙa ta bi ƙauyukan Vlora tare da su. Mu yi waƙa mutane su taru, su kuma su yi bayanin abin da Albaniya za ta samu in ta shiga Tarayyar Turai. A rufe da babban taro ran tara ga Mayu, Ranar Turai, a filin bakin ruwa na Vlora. Ta ce in su kaɗai suka je da takardunsu, ko kare ba ya fitowa. Wannan kam gaskiya ta faɗa.

Na yarda. Me zai hana? 'Yata Teuta na can birnin Bari tana wanke tsofaffin Italiya, furfura ta fara fito mata a layin sabunta takardar zama. In waƙata za ta rage mata tsayuwa, in yi har muryata ta dushe.

Sharaɗi ɗaya na kafa. Na ce, "Ban da waƙar Sokol."

Lefter ya yi dariya, ya ce, "Haba Yaya, wa ya isa ya taɓa wannan? Sai ka ce ba ni ne mai mayar miki ba."

Yarinyar ba ta tambayi wace ce waƙar Sokol ba. Sai bayan sun tafi na lura da haka. Baƙo ai yakan tambaya.

Laraba, 16 ga Afrilu, da yamma

Mun yi gwaji a harabar makaranta. Brunilda na so mu jeru a layi kamar sojoji, kowa da makirfonsa, muna kallon jama'a. Kawu Nuredin, wanda ya fi kowa tsufa a cikinmu, ya nuna ni ya ce mata, "'Yata, mu kanmu muke haɗawa wuri guda. Sadete ta ɗauko waƙa, Lefter ya mayar mata, mu maza mu riƙe amo a ƙasa. In ban ji numfashin na kusa da ni ba, ta ina zan san lokacin da zan saci nawa?"

Ta ce to yaushe masu amo ke tsayawa? Ya ce, "Sai mai ɗauka ta yanke. In ba ta yanke ba, sai dai a ɗauke mu a makara."

Ta rubuta wannan a wayarta tana dariya.

Da na dawo na duba kalanda. Wata guda ya rage ranar ɗana. Ran sha takwas ga Mayu Sokol ya fita daga gidan nan da jaka ɗaya, ya ce zai kira ni daga can gefen teku, Italiya. Teku ba ta kai shi ba, ba ta dawo da shi ba. Waƙar da nake magana a kai ni na yi ta da bakina, ina durƙushe a kan kabarin da muka haƙa masa ba kowa a ciki. Daga baya Lefter ya sa mata mayarwa, Kawu Nuredin ya sa mata amo. Sau ɗaya muke yin ta a shekara, a wannan rana, a wannan wuri, kuma ba a tafa mata. Duk kwarin nan an san haka. Ko yaro ba ya yin ta da fito.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

Ƙauye na farko. An taru fiye da yadda na zata. Mun yi waƙoƙin biki da na makiyaya, Brunilda ta hau kan akwati ta fara bayani. Wani tsoho mai hular gashi ya katse ta, ya ce, "Ke yarinya, tsaya. Turan nan naki za su sayi man zaitun ɗina ko kuwa?" Ta ce za su saya in ya cika ƙa'ida. Ya ce, "To cukun da matata ke yi a salkar akuya fa, ya cika ƙa'ida?" Ta hau duba takardunta. Ya ce, "Na gane. Za su auri zaitun su saki cuku."

Har ni sai da na yi dariya. Na ji daɗin yau, in faɗi gaskiya. Wata mata ta riƙe hannuna ta ce 'ya'yanta uku suna Girka, ko in an shiga za su dawo? Na ce ban sani ba, amma ko ba su dawo ba, za su riƙa zuwa da rana tsaka ta ƙofar gaba.

Talata, 22 ga Afrilu, da rana

Lefter ya tafi Tirana jiya. Wai zancen kayan sawa. Tun yaushe ƙanena ya san zancen kayan sawa? Mutumin da matarsa ke zaɓa masa safa.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da hantsi

Bari in rubuta abin da ya faru.

Ina cikin garke ina tatsa na ji motarsu ta doso daga gada, lasifika na tashi. Da fari ganga na ji, irin ta gidan rawa, dum dum dum. Sai wata murya ta yarinya ta hau kai. Ban san lokacin da na saki bokiti ba.

Ita ce, waƙar Sokol. Sun ƙara mata gudu, sun sa mata ganga da jita, amma ita ce. Inda nake cewa, "Rana ta faɗi, Sokol, awaki sun dawo," yarinyar cewa take yi, "Rana ta fito, Turai, ga mu nan zuwa." Wurin nan da nake jan sunansa har numfashina ya ƙare, nan suka sa Turai. Kuma a ƙarƙashinta, mai mayarwa, muryar da na sani tun yana tsumman goyo.

Motar ta zaga ƙauye ta wuce. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, ta gan ni, ta koma ciki.

Juma'a, da yamma

Na je gidansa. Yana zaune a ƙarƙashin inabi yana gyaran igiya. Da ya gan ni ya miƙe, ya ce, "Yaya, zauna tukuna."

Na ce, "Ba zama ya kawo ni ba. Muryar wa na ji a motar can?"

Ya ce, "Da ma yau nake so in zo in faɗa miki."

Na ce, "Yau. Bayan awakina sun riga ni ji."

Ya ce mai haɗa musu kiɗa a Tirana ya saurari waƙoƙinmu duka, ya ce wannan ce kawai ke kama zuciya. Ya ce ba waƙar suka ɗauka ba, karin ne kawai, kalmomina na nan ba wanda ya taɓa. Na ce, "Lefter, in na tuɓe rigar da aka binne Baba da ita na sa wa ango, sai ka ce mini ai yadi ne kawai?"

Nan ya ɗaga murya, shi da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Ke kaɗai kika rasa shi? Ni na koya masa aski. Da ƙofar Turai a buɗe take a wancan lokacin, da tikiti zai saya ya hau babban jirgi kamar ɗan mutane, ba ya shiga wancan kwale-kwalen robar a ɓoye ba. Don shi nake yi. Don kada wani yaro ya sake."

Na ce, "To me ya hana ka tambaye ni?"

Ya ce, "Saboda za ki ce a'a."

Wannan kam bai yi ƙarya ba. Na juya na fito. Matarsa ta biyo ni da burek, gurasa mai cuku, a faranti, ban waiwaya ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da safe

Ban je ƙauye na uku ba. Na tatsi awaki.

Litinin, 28 ga Afrilu, da la'asar

Brunilda ta zo, wannan karon da takalmin roba. Ta ce, "Gwaggo Sadete, wallahi ban san haka abin yake ba. An ce mini iyali sun amince." Idonta ya kawo ruwa, kuma na yarda da ita. Yarinya ce, aikinta take yi.

Na ce to a cire. Ta ce ta riga ta shiga rediyo da talabijin, yara na rawa da ita a waya, ba ta san ta inda za a kamo ta ba. Ta ce za a iya rubuta sunana a ƙasa, a ce ni na yi. Na ce sunana ba ya jin sanyi, ba ya bukatar a lulluɓe shi.

Da za ta tafi na tambaye ta abin da ke cina tun Juma'a. Ba a taɓa ɗaukar waƙar nan a na'ura ba, ban taɓa bari ba. Me mutumin Tirana ya saurara?

Ta ce, "Hoton bidiyo ne. A maƙabarta. Daga Italiya aka turo."

Na ce mata ta gaida gida.

Talata, 29 ga Afrilu, da rana

Teuta ta kira. Ban ɗauka ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, da yamma

Ta sake kira, na ɗauka.

Na ce, "Bara da kika tsaya a bayana a wurin yayanki, kina riƙe da waya a ƙirji, na ɗauka addu'a kike yi."

Teuta ta ce, "Don kaina na ɗauka, Mama. In na yi kewarki nake saurara. Kawu Lefter ne ya ce in turo, na tura."

Na ce, "Kin san abin da za a yi da ita?"

Ina jin tsohuwar da take yi wa aiki tana kiranta daga ciki. Can ta ce, "Na sani."

Na ce, "Madalla."

Ta ce, "Mama, ina da shekara tara aka yi abin nan. Tun daga ranar ba ki yi mini waƙa ba, ko ranar aurena sai da kika bar wa Kawu Lefter. Kowace shekara in sayi tikiti in zo in tsaya a bayanki kina kiran wanda ba zai amsa ba. Ni ina amsawa, Mama. Ni ina raye. Sau ɗaya dai waƙar nan ta yi wa mai rai aiki, shi ne laifi?"

Ina da amsa. Ina da amsoshi da yawa. Na ce mata tsohuwarki na kira, je ki. Na ajiye wayar.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Ba gaskiya ba ne ban yi mata waƙa ba. Na yi mata lokacin da ta yi ƙyanda. Ko kuwa wannan kafin ne?

Asabar, 3 ga Mayu, da rana

Na sauka Vlora sayen magani. A cikin bas direba ya kunna ta. A kantin magani tana tashi daga wayar mai sayarwa. A bakin tasha wasu 'yan mata uku suna tafa hannu a kanta, ɗaya na juyi. Kyawawan yara, ba su san komai ba. Na tsaya ina kallonsu har ɗaya ta ce, "Kaka, kina so mu koya miki?"

Na dawo gida tana yawo a kaina. Ina yanka albasa na kama ƙafata tana buga ƙasa. Na taka ta da ɗayar.

Litinin, 5 ga Mayu, da yamma

Kawu Nuredin ya hawo tudu da sandarsa, yana haki. Na ba shi kujera da ɗan raki, barasar inabinmu. Ya ce sun samo wata yarinya daga makarantar kiɗa, ita za ta ɗauki waƙa ranar taro a madadina. Ya ce muryarta ba laifi, amma tana yankewa kamar mai rufe famfo.

Na ce, "Kai ma za ka riƙe musu amo, Kawu?"

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce jikokinsa biyu sun riga sun gaya wa duk makarantarsu za a ga kakansu a talabijin. Ya ce, "Na ba mutane baki, Sadete. Amma ran sha takwas ina nan, ko da rarrafe."

Na ce Allah ya kai mu. Ashe kowa da dalilinsa. Ni kaɗai ce ba ni da dalili, sai ɗa.

Laraba, 7 ga Mayu, da safe

Ba zan je ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Ba zan je ba. Me zan je in gani?

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan magariba

Na je.

Na sa baƙaƙen kayana na tsaya can baya, wajen masu sayar da masara. Sun kafa dandalin yadda duk mai kallo sai ya fuskanci tekun nan. Ni da ko a bas nake zama ɓangaren tudu don kada in gan ta. Na kafa idona a kan tutoci.

An cika. An yi jawabai, yara sun saki balan-balan shuɗɗa. Wata likita ta yi magana a kan 'yan ajinsu da suka watse duniya, ta ce tana so a gina ƙasar da za a zauna a cikinta. Ta yi magana mai kyau, ba zan ɓoye ba. Sai aka kira ƙungiyarmu. Suka fito a layi, kowa da makirfonsa, Lefter da sabuwar farar hula.

Da yarinyar ta ɗauko, matasa suka hau tsalle. Amma an kawo mutanen kwarinmu a manyan motoci, suna gefen hagu. Matan da suka tsaya tare da ni a maƙabarta shekara da shekaru, waɗanda su ma suna da nasu kaburburan da ba kowa a ciki. Na ga sun daskare. Ɗaya ta ja ɗankwali ta rufe fuska, sai ta kusa da ita, sai ta gaba. Kafin a kai tsakiya duk layin na kuka, irin kukanmu mai jijjiga kafaɗa.

Mai kyamara ya juyo da gudu ya haska su. Aka sa fuskokinsu a babban allo. Mai gabatarwa ya ce, "Ku dubi iyayenmu mata, hawayen murna suke yi, sun daɗe suna jiran wannan rana." Fili ya ɗauki tafi.

An tafa mata. Na ji da kunnena, an daɗe ana yi.

Lefter ya ga allon. Na ga lokacin da ya gani. Bai daina mayarwa ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da rana

An nuna a labarai. An ce taro ya yi armashi.

Talata, 13 ga Mayu, da yamma

Ya zo ya tsaya a ƙofar garke, hularsa a hannu. Ya ce, "Yaya, ran Lahadi in zo?"

Na ce, "Maƙabarta ba tawa ba ce."

Ya ce, "In mayar miki nake nufi."

Na ce, "Ka riga ka mayar." Na ci gaba da tatsa har ya gaji ya tafi.

Teuta ta turo saƙo, wai ba ta samu hutu ba bana. Ban tambaye ta ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, da hantsi

Na cire batirin rediyo. Amma jikan maƙwabciya na yin ta da fito a kan hanyar rijiya, ba wanda ya kwaɓe shi. Wa zai kwaɓe shi? Ta zama ta kowa.

Ban gwada tawa ba. Ba na gwada ta, ban taɓa ba. Tana nan inda na ajiye ta.

Lahadi, 18 ga Mayu, da la'asar

Mun hau maƙabarta da safe. Kawu Nuredin ya zo da maza huɗu. Mata sun zo fiye da kullum, ba wadda ta yi mini zancen allo. Lefter ya tsaya a wajen katanga, ban hana shi ba, ban kira shi ba.

Na share dutsen, na zuba ruwa a furanni. Mazan suka kewaye ni muka haɗa kai. Na ji warin tabar Kawu da numfashinsa a kunnena, na ji hankalina ya ɗan kwanta. Na ce a raina, to, nan dai ba su iso ba.

Na ɗauko. Amo ya shigo a ƙarƙashina yadda ya saba. Tun daga kalmar farko na ji ina sauri, na ja kaina baya. "Rana ta..." Na cika ƙirji don in ja sunansa.

Abin da ya fito ba sunansa ba ne.

Da ƙarfi na faɗe shi, da dukan muryata, a kan kabarin ɗana. Kowa ya ji. Na rufe bakina da hannu. Na nemi layin daga farko, na tarar ganga na bugawa a cikinsa. Na nemi na biyu, yarinyar Tirana ce a zaune a kai. Kalmomina na nan, na san su ɗaya bayan ɗaya, amma duk wadda na ɗora a kan karin sai ta zame.

Su kuwa mazan ba su tsaya ba, tunda ban yanke ba. Tsofaffi biyar suna riƙe da amo, suna satar numfashi bi da bi, suna jirana. Fuskar Kawu Nuredin ta yi ja, jijiyar wuyansa ta fito, yana kallona yana gyaɗa kai, wai in sake gwadawa. Na buɗe baki, na rufe. Daga bayan katanga na ji wani yana kuka kamar yaro.

Na ɗaga hannu na yanke musu. Da hannu, ba da murya ba.

Muka sauko. A gada Kawu ya ce, "Baɗi, in Allah ya kai mu." Na ce masa to.

Lahadi, da magariba

Awaki sun dawo, na rufe garke. Bana ba wanda ya kira Sokol.